Barkono a Kaskon Turare

A shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa, lokacin da jiragen ruwa suka koma jigilar alhazai zuwa Jidda, babu macen da ta kai Sa'adatu matar Rabe mai tsire suna a cikin Hausawan unguwar Tandabawi ta Makka. Ba a Makka aka haife ta ba. Tana yarinya iyayenta suka taso daga ƙasar Kano, suka yi shekaru suna tafe suna tsayawa cirar auduga a Sudan, kafin Allah ya kawo su. Doguwa ce kakkaura, mai murya, in tana dariya har maƙwabta sai sun sani. Larabci kuwa ya zauna a bakinta, ta iya ciniki da 'yan kasuwa har su rasa ta inda za su ɓullo mata.

Aikinta a gidan Shehu Mukhtaru yake, wakilin muɗawwifai, wato jagororin ɗawafi, da ke saukar da baƙin alhazai Hausawa. In mata suka sauka, ita ke shige musu gaba zuwa Harami, tana faɗin addu'ar ɗawafi suna maimaitawa. Ita ke nuna musu wurin shan zamzam, ita ke raka su kasuwa kada a cuce su. Matar Shehu, wadda kowa ke kira Gwaggo Hadijatu, ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta.

Bayan haihuwarta ta ƙarshe ne abin ya same ta. Ba irin yoyon nan ba ne da ba ya tsayawa dare da rana. Nata sai in ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta sunkuya ta ɗaga garwar ruwa, sai ta ji fitsari ya kufce mata. Da fari ɗigo ne, ta ce jego ne, zai wuce. Aka yaye yaro bai wuce ba, ƙaruwa ma ya yi. Ta koma sa ƙunzugu kullum kamar mai al'ada, ta daina ɗaura zane mai haske, ta rage shan ruwa duk da zafin Makka, har leɓenta ya riƙa tsagewa. Dariyar nan tata ta dawo murmushi. Ko Rabe ba ta faɗa wa ba.

Mutum ɗaya ya sani, ita ce Rabi. Rabi maƙwabciyarta ce, ƙaramarta a shekaru, kuma Sa'adatu ce ta karɓe ta ranar da ta iso Makka da miji ba su san kowa ba. Ita ta samar musu ɗaki, ita ta kai ta gidan Shehu Mukhtaru ta roƙa aka ba ta aikin wanke-wanke. Rabi Yaya take ce mata.

Wata rana suna dawowa daga kasuwa ayarin raƙuma ya tayar da ƙura, Sa'adatu ta yi ta atishawa, zanenta ya jiƙe har ƙafa. Ɗakin Rabi ya fi kusa, can ta faɗa. Ta tsaya bayan ƙofa tana hawaye, ta gaya mata komai.

Rabi ta dafa ƙirji. "Wayyo Yaya! Tun yaushe kike fama ke kaɗai?"

"Ki rufa mini asiri, Rabi. In aka ji, na kaɗe."

"Haba Yaya, asirinki ai nawa ne. In na faɗa wa wani, kada Allah ya sa in ƙara ganin Ka'aba."

Ta ba ta aron zane, ta wanke mata jiƙaƙƙen da hannunta.

Lokacin hajji ya matso, gidan Shehu ya cika da baƙi. Wata rana da hantsi matan da suka sauko daga Jidda suna zaune a tsakar gida, an kawo musu shayi. Gwaggo Hadijatu ta sa aka shimfiɗa darduma, ta kira Sa'adatu ta zo ta zauna kusa da ita don baƙi su san jagorarsu. Sa'adatu na shirin zama sai muryar Rabi ta taso daga bakin madafa, tana dariya kamar mai wasa.

"Gwaggo, a janye dardumar nan a kawo tsohon buhu. Salkar Yaya ta huje. Ko tari ta yi sai an bi wurin da ruwa."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta rufe baki. Sai wata tsohuwa cikin baƙin ta ajiye kofinta ta ce, "To mu da muka yi shekaru a hanya, wadda alwalarta ba ta tsayawa ce za ta ja mu ɗawafi?"

Sa'adatu ta juya ta dubi Rabi. Rabi ba ta sunkuyar da kai ba.

Da yamma Shehu Mukhtaru ya kira ta, ya yi mata magana daga bayan labule. Ya ce shi ya san hukunci, mai irin wannan larura sallarta da ɗawafinta sun inganta, babu malamin da zai ce ba haka ba. Amma baƙin sun ce ba za su bi ta ba, kuma shi ba zai tilasta wa baƙon Allah ba. Ta huta tukuna har Allah ya kawo sauƙi.

"Wa zai kai su, Shehu?"

Ya ce, "Rabi ta ce ta haddace addu'o'in."

Nan Sa'adatu ta gane ba suɓul da baka ba ne. Ashe duk bin ta Harami da Rabi ke yi tana riƙe mata takalma, darasi take ɗauka.

Kafin alhazai su watse sunan ya bi unguwa. Ba a cewa Sa'adatu sai Salka. Matan da ta yi wa hidima a bukukuwansu suka riƙa janye tabarma in ta shigo. Ta daina fita. Rabe da ya ji labarin a bakin masu sayen tsire, ya dawo ya zauna ya ce, "Da kin gaya mini ai da mun nemi magani. Ki bar ta da Allah."

"Na bar ta da Allah, Malam," in ji Sa'adatu. "Amma Allah bai hana ni hannu ba."

Gwaggo Hadijatu kaɗai ba ta juya mata baya ba. Takan aiko mata da ɗinkin huluna a ɓoye, kuma ita ce ta aiko a ce mata ta je unguwar Hindawiyya wurin Iya Ramlatu.

Iya Ramlatu tsohuwar unguzoma ce da ta yi zaman Sudan, rabin 'ya'yan Hausawan Makka a hannunta suka faɗo. Ta sa Sa'adatu ta kwanta, ta duba ta, ta ce ta yi tari, ta gani da idonta. Sannan ta wanke hannu ta zauna.

"Ba a yanka ki ba, ba ki yage ba, alhamdulillahi. Naman da ke riƙe bakin mafitsara ne ya saki. Haihuwa ta sa shi ya gaji, ke kuma kika ƙara masa da ɗaukar garwa da tarin hayaƙi."

"Akwai abin sha, Iya?"

"Kowa abin sha yake nema. In kina so in jiƙa miki saiwa in karɓi kuɗinki, sai in jiƙa. Amma maganin yana jikinki. Kin san yadda kike matsewa in iska ta taso miki a cikin mutane? To matse haka, ki ja sama. A'a, ba cinya ba, ba ciki ba. Saki cikin nan, ki yi numfashi. Yauwa, nan. Riƙe. To saki."

Sa'adatu ta ji abin kamar ba komai, ko ƙiftawar ido ba ta iya riƙewa. Iya ta ce haka kowa ke farawa. Ta yi shi a kwance, in ya yi ƙarfi ta koma yi a zaune, sannan a tsaye, safe da rana da yamma, ba fashi. In ta ji tari ko atishawa na tafe, ta riga shi matsewa. Haka in za ta ɗaga kaya. Ta ce ta rage shayi da gahawa, amma ta koma shan ruwanta, don ƙishirwar da take wa kanta ba ta ƙara mata komai sai zafin fitsari. Ta bar wa masu ga-ruwa garwa. Ta fitar da murhunta waje don tarin ya lafa. In cikinta ya ɗaure ta sha ɗan sanamaki, wato filasko, kada ta riƙa yunƙuri a bayan gida. Sannan ta nuna mata yadda za ta dunƙule auduga mai tsabta a farin ƙyalle, ta ɗaure da zare, ta shafa mai ta sa a gabanta ya tokare wurin in za ta yi doguwar fita, ta cire da zarar ta dawo.

"Yaushe zan warke?"

"Ba yau ba, ba gobe ba. Wata da watanni. Yawancin mata a nan suke gajiya su bari."

"Ni ba zan gaji ba," in ji Sa'adatu.

Iya ta dube ta da kyau. "Na ga alama. Amma idon nan naki ba na mai neman lafiya kaɗai ba ne."

Gaskiya Iya ta faɗa. Sa'adatu ba ta taɓa yin fashi ba, kuma abin da ya riƙe ta ba haƙuri ba ne. Tana ɗinkin hula tana matsewa, tana tankaɗe tana matsewa, kuma duk matsewar da za ta yi fuskar Rabi take gani a bakin madafa. In ta jiyo ta ta bayan katanga tana jan sababbin baƙi, tana kwaikwayon har yadda ita take ɗaga murya a addu'a, sai ta cije leɓe ta ƙara riƙewa. Watan farko ba ta ga komai ba. Can sai ta lura ƙunzugunta na kaiwa azahar a bushe. Sanyi ya shigo ya fita. Wata rana barkono ya shaƙe ta a madafa, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta tsaya cak tana jira. Babu ko ɗigo. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, sannan ta share fuska ta ci gaba da girkinta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta bar unguwa na ce mata Salka.

A cikin wannan tsakanin Rabi ta yi ciki ta haifi tagwaye, da ƙyar aka rabu. Sa'adatu ba ta je barka ba. Bayan arba'in Rabi ta koma aiki, ta yi ƙiba, ta sayi awarwaro.

Wata rana Sa'adatu ta fita sayen zare a kasuwar da ke gefen hanyar Safa da Marwa, sai ta hango Rabi tafe da mata a bayanta. Wani mai kayan yaji ya zazzage buhu. Rabi ta tsaya, ta harɗe ƙafafu, ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta yi atishawa a haka. Da ta miƙe sai ta kai hannu baya ta shafa zanenta a sace.

Sa'adatu ta san wannan tsayuwa. Ta yi ta ita ma.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta riƙa lura. Rabi ta daina sa kaya masu haske. Rabi, wadda a da ba ta ƙoshi da shayi, yanzu sai ta ce ta sha a gida. Turarenta ya yi yawa. In ana hira aka yi abin dariya, sai ta danne baki ta matse jiki. Sa'adatu ta je Hindawiyya ta zauna gaban Iya Ramlatu, ta kewaya ta kewaya, sannan ta ce, "Iya, ke kika karɓi tagwayen Rabi. Lafiya dai ta tashi?"

"Da na gaya miki nata, da na gaya mata naki," in ji Iya. "Tashi ki tafi gida."

Wannan amsa ta ishe ta.

Ba a jima ba 'yar Gwaggo Hadijatu ta haihu, aka sa ranar suna. Gwaggo ta aiko musamman a ce wa Sa'adatu lallai ta zo, ɓuyan ya isa haka. Sa'adatu ta ce a gaya wa Gwaggo tana tafe, kuma ita za ta riƙe shayi da turare. Ranar jajibiri ta ɗebi busasshen barkono cikin wanda Rabe ke yin yajin tsire, ta daka shi lukui, ta ƙulle a bakin gyalenta.

Ranar suna bayan la'asar matan suka taru a babban ɗakin ƙasa. Maijego da jariri suna bene saboda hayaniya. An rufe tagogi don rana, an shimfiɗa dardumomin Gwaggo na Ajam, saƙar ƙasar Farisa, waɗanda ba a fito da su sai da dalili. Rabi na zaune kusa da Gwaggo, a wurin da a da Sa'adatu ke zama. Kuma da yake rana ce ta nuna kai, ta saki jiki ta sa wata sabuwar riga ta siliki ruwan ƙwai.

Sa'adatu ta shigo da fararen kaya tun daga sama har ƙasa. Aka bi ta da kallo. Wata ta ɗan janye gefen zanenta. Ita kuwa ta gaida kowa da fara'a, ta ɗauki butar shayi ta fara zagayawa. Da ta zo kan Rabi ta durƙusa ta cika mata kofi.

"Na gode Yaya, na sha a gida."

"Haba ƙanwata, a sunan jikan Gwaggo? Ke da buta guda ba ta isar ki?" Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ko akwai abin da kike tsoro ne?"

Rabi ta dube ta, ta yi 'yar dariya, ta shanye. Sa'adatu ta sake cikawa. Ta zagaya ta dawo ta sake cikawa, tana zolayarta, mata na taya ta. Rabi ta sha, don ƙin sha ya fi sha tona asiri. Can ta yunƙura za ta fita, Sa'adatu ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ina za ki, ga turare ya taho? Aibu ne a tashi kafin turare."

Sa'adatu ta fita ta ɗebo garwashi a kasko, ta ɗora itacen turare mai kyau. Ta fara da Gwaggo da manyan mata, kowace ta buɗe mayafinta hayaƙi ya shiga, ta yi salati. Kafin ta kai kan Rabi sai ta juya baya kamar mai hura wuta, ta kwance bakin gyale ta juye garin a kan garwashin. Ta riƙe numfashi, ta tura kaskon ƙarƙashin mayafin Rabi.

Rabi ta shaƙa. Idonta ya fito. Atishawar farko ta fizge ta gaba, ta biyu ta biyo, sannan tari ya turnuƙe ta. Ta nemi harɗe ƙafa, ina! Ta miƙe tsaye don ta gudu, nan ne kowa ya gani. Silikin ya manne mata a jiki, ya yi duhu tun daga baya har ƙasa, fitsari na bin ƙafarta yana sauka kan dardumar Ajam.

Sa'adatu ta ajiye kaskon a tsakiyar ɗaki. Hayaƙin ya kama ta ita ma, ta yi tari, ta yi atishawa har hawaye ya zubo, tana tsaye ƙyam a gaban kowa. Sannan ta buɗe hannuwa ta juya a hankali don a ga fararen kayanta gaba da baya.

"Ku duba da kyau," in ji ta, muryarta a shaƙe. "Ga ni, ga ta. Gwaggo, yau wa za a kawo wa buhu?"

Kafin ta rufe baki hayaƙin ya cika ɗakin. Tagogi a rufe, mata sun fi ƙarfin wurin. Tari ya tashi ta ko'ina, ana ture-ture ana neman ƙofa. Wata ta samu ta ɓalle taga, wata ta yi waje da kaskon. Da hayaƙin ya lafa sai aka fara ganin juna. Ashe ba Rabi kaɗai ce ta jiƙe ba. Ga wata matar mai gidan burodi ta rakuɓe a bango ta ja mayafi ta rufe cinyarta. Ga wata da ta fi kowa janye tabarma in Sa'adatu ta shigo, ta kasa tashi daga inda take. Ga kuma Gwaggo Hadijatu, uwar gida, mai suna, zaune a kan jiƙaƙƙen matashi, hawaye na bin fuskarta, ba ta ko motsa ba.

Wannan Sa'adatu ba ta shirya shi ba. Gwaggo ta ɗago ta dube ta, ta ce a hankali, "A gidana, Sa'adatu?"

Rabi kuwa ta riga ta fice, ba takalmi, ta bi lungu tana kuka.

Washegari Shehu Mukhtaru ya aika aka kira Rabe, ya gaya masa matarsa kada ta ƙara taka masa gida. Rabe ya dawo ransa a ɓace.

"Da hayaƙin nan ya hau bene ya sami jariri fa? Me za ki ce wa Allah?"

"Na san jariri na sama kafin in zuba."

"To hankalinki ya kwanta yanzu?"

Ta ce, "Ta wajen Rabi, ya kwanta."

Iya Ramlatu ma ta tako da sandarta har Tandabawi don ta yi mata faɗa. Ta ce ita magani ta koya mata, ba wuƙa ta wasa mata ba. Sa'adatu ta durƙusa ta saurara har Iya ta gama, ta ba ta haƙuri a kan Gwaggo da sauran matan. Amma ban da Rabi.

Rabi ba ta sake jan alhazai ba. Babu wanda ya kore ta, ita ce ta kasa fitowa. Babu kuma wanda ya laƙaba mata suna, don waɗanda za su laƙaba ɗin sun san abin da ya same su a ɗakin. Sunan Salka ma ya mutu a ranar, ba a sake jin sa a bakin kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki matar mai gidan burodi ta shigo wurin Sa'adatu da tsakar rana, wai ta zo aron rariya. Ta zauna ta yi ta kame-kame, can ta ce, "Yaya, don Allah yaya kika yi? Mun ga kin yi tari, mun ga kayanki." Sa'adatu ta rufe ƙofa ta nuna mata duk abin da Iya ta koya mata. Wata ta biyo, wata ta biyo. Wadda ta ga abin nata ya yi nisa sai ta tura ta Hindawiyya. Wasu sun dage sun sami sauƙi, wasu sun gaji a hanya sun bari.

Gwaggo Hadijatu ce ta tsaya mata a rai. Sa'adatu ta je har ƙofar gidan ta tsaya a rana ta aika a roƙa mata, aka dawo aka ce Gwaggo na barci. Ta koma, aka ce Gwaggo ba ta nan. Daga baya ta ji Gwaggo ta aika an ɗauko mata Iya Ramlatu, ta ji daɗin wannan. Amma ɗinkin huluna bai sake zuwa ba, kuma in sun haɗu a hanyar Harami Gwaggo sai ta amsa sallama ta wuce.

Ana cikin haka wata safiya Sa'adatu na tsakar gida tana tsince shinkafa, sai ga Rabi ta shigo da tagwayenta, ɗaya a goye ɗaya a hannu. Ta rame. Ta tsaya daga nesa ta yi sallama. Sa'adatu ta amsa ba ta ɗago ba.

"Yaya, gobe za mu tashi. Maigidana ya sami dako a tashar jirgin ruwa a Jidda."

"Allah ya kiyaye hanya."

Rabi ta durƙusa. "Na zo ki yafe mini. Lokacin nan maigidana ba ya da aiki, wanke-wanke ba ya ciyar da mu. Shaiɗan ya shiga raina. Kin kuma rama, Yaya, kin rama har da ƙari."

Sa'adatu ta ajiye faifan. "Da kin zo kin ce mini, Yaya yunwa muke ji, wallahi da na raba baƙin nan biyu na ba ki rabi. Kin san zan yi. Ni na karɓe ki a garin nan ba ki da ko tabarma. Na tsaya a bayan ƙofarki da jiƙaƙƙen zane ina kuka, kika rantse mini da Ka'aba."

"Na sani."

"To tunda kin sani."

Rabi ta share hawaye da gefen mayafi. "Ko maganin ne ki gaya mini. A Jidda ban san kowa ba."

"Hindawiyya ba nisa. Iya ba ta hana kowa, ki je yau kafin ku tashi. Ni dai bakina ba zai koya miki ba."

"Yafiyar fa?"

"Ban yafe ba, Rabi. In na ce na yafe na yi ƙarya, kuma ba zan yi ƙarya a garin nan don in faranta miki ba."

Rabi ta jima a durƙushe. Yaron da ke bayanta ya fara kuka, ta miƙe tana jijjiga shi, ta fita. Sa'adatu ta ji takunta ya nufi hanyar Hindawiyya, ta ja faifanta ta ci gaba da tsince shinkafa.

Aikin jan alhazai bai dawo mata ba, Shehu wata ya ɗauka daga unguwar Utaibiyya. Sa'adatu ta koma suyar waina a ƙofar gida, mata kuma ba su daina zuwa aron rariya ba. Ta rayu har ta ga jikoki, dariyarta ta dawo yadda take a da. Da Gwaggo Hadijatu ta rasu, ta bi mata zuwa gaisuwa, ta zauna can bakin ƙofa ta yi kukan da ya fi na dangi, babu wanda ya ce ta tashi. Labarin Rabi kuwa yakan zo jefi-jefi a bakin masu zuwa Jidda, wai ta sami lafiya, wai tagwayen sun girma, wai tana gaida Yayarta. Sa'adatu takan ce madalla, ta juya wainarta. Ba ta taɓa ba da saƙon amsa ba.